Yadda Ake Gano Matsala Idan Kiɗan Wasannin Bidiyo Ya Ƙi Yi a Kwamfuta

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Zariya cikin shekarun 1990, kuma ya taɓa tsugunawa gaban talabijin a ɗaya daga cikin gidajen gem na Sabon Gari ko Samaru yana jiran layi ya zo kansa, da wuya a ce kiɗan Super Mario Bros. ko na Sonic ya bar kunnensa har yau. Yanzu ana iya sauraron waɗannan kaɗe-kaɗe a kwamfuta ba tare da an kunna wasan kansa ba, kuma akwai ɗaliban da suka fi son su a lokacin karatu saboda babu muryar mawaƙi da za ta ɗauke musu hankali. Sai dai mai gwadawa a karon farko yakan gamu da cikas: ko ya danna fayil kwamfuta ta tambaye shi da me za ta buɗe shi, ko manhaja ta buɗe amma shiru kake ji, ko kiɗan ya soma ya yanke, ko kuma ya yi ta zagayawa ya ƙi ƙarewa.

A bara wani ƙanena da ke karatu a Samaru ya same ni a gida a Tudun Wada da kwamfutarsa a hammata, ya ce, "Yaya, sautin kwamfutar nan ya mutu. Har na kai ta wurin mai gyara ya yi mata fomatin ya sake zuba Windows, amma kiɗan bai yi ba." Da na duba sai na tarar lafiyarta ƙalau, kuma tun farko babu abin da ya same ta. Fayil guda ne ya baro a cikin jakar da ya sauke daga intanet. Ya yi asarar kuɗi da wasu takardun makaranta a kan abin da minti biyu suka isa a gyara shi. Saboda haka a ajiye maganar fomatin gefe tukuna, domin da ƙyar ne matsalar irin wannan kiɗa take kai wa can.

Abin da ke cikin fayil ɗin

Fayil ɗin MP3 kamar kaset yake: an riga an naɗi sautin, aikin manhaja kawai ta sake shi. Yawancin fayilolin tsofaffin wasanni kuwa ba su ɗauke da naɗaɗɗen sauti ko kaɗan. Abin da ke cikinsu shi ne umarnin da wasan yake bai wa ƙwaƙwalwar sauti ta na'urarsa, wato kamar a miƙa wa makaɗi takardar da aka rubuta abin da zai buga, amma ba a ba shi ganga ba. Dole ne manhajar da za ta kunna fayil ɗin ta kwaikwayi waccan na'ura, ta zama ita ce gangar kuma ita ce makaɗin. Idan ba ta san na'urar ba, babu abin da za ta iya yi, komai tsadar kwamfutar.

Kowace na'ura da irin fayil ɗinta, kuma haruffan da ke ƙarshen sunan fayil su ne suke nuna danginsa. NSF na na'urar Famicom ce da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, wadda ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. GBS na Game Boy ne na 1989. SPC na Super Nintendo ne, kuma sunan ya samo asali daga SPC700, ƙwaƙwalwar sautin da Sony ta ƙera wa na'urar. VGM da VGZ su aka fi samu ga wasannin Sega Mega Drive ta 1988, mai amfani da ƙwaƙwalwar Yamaha YM2612, kuma VGZ ɗin VGM ne da aka matse don ya rage girma. PSF na PlayStation ne na 1994, USF na Nintendo 64, GSF na Game Boy Advance, 2SF kuma na Nintendo DS. Wasannin baya-bayan nan sun koma ga naɗaɗɗen sauti, amma a cikin nasu sigogi irin su ADX da BRSTM da FSB da WEM, waɗanda su ma manhajar da ta zo tare da Windows ba ta san su ba.

Windows takan ɓoye waɗannan haruffa na ƙarshen suna, don haka a fara da bayyana su. A buɗe File Explorer, a shiga View, a sa alama a kan "File name extensions". Wannan yana da amfani na biyu da ya fi na farkon muhimmanci: duk abin da aka ce kiɗa ne amma sunansa ya ƙare da exe ko scr ko bat, kada a danna shi, a goge shi nan take, domin kiɗa ba ya zuwa a wannan siga.

Gwajin da ke raba gardama

Wurare uku ne laifi yake iya ɓuya: a kwamfutar, a manhajar da ke kunnawa, ko a fayil ɗin. Hanyar rarrabe su ba ta cin ko kwabo. A ɗauki wani MP3 da aka tabbatar yana yi, ko karatun Alƙur'ani ne ko waƙa, a kunna shi a cikin manhajar da ta ƙi kunna kiɗan wasan. Idan shi ma bai yi ba, a gwada shi a wata manhaja ko a buɗe bidiyo a intanet. In ko'ina shiru ne, to matsalar ta kwamfuta ce. In ya yi a wani wuri amma ya ƙi a manhajar farko, saitin manhajar ne ya karkace. In kuwa ya yi tangaram a ko'ina, an wanke kwamfutar daga zargi, sai a koma kan fayil ɗin wasan da abin da ke fassara shi. A ganina mafi yawan masu kuka a wannan rukuni na uku suke, amma da yake na farkon ya fi saurin dubawa, bari mu fara kawar da shi.

Idan ko'ina shiru ne

A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta mmsys.cpl, a danna Enter. Tagar da za ta fito tana nuna duk hanyoyin da kwamfutar take iya fitar da sauti, kuma mai koriyar alama ita ce ake amfani da ita. Sau da yawa wanda ya haɗa kwamfutarsa da talabijin ta wayar HDMI don kallon ƙwallo, ko ya taɓa haɗa ta da wata sifika ta Bluetooth, zai tarar cewa sautin can yake tafiya. Sai a zaɓi sifikar kwamfutar ko iyafis, a mayar da ita ta dindindin. Daga nan a duba Volume Mixer, domin Windows tana ajiye ƙarfin sautin kowace manhaja dabam, kuma tana iya riƙe wata a kashe alhali sauran suna yi. Idan babu wata na'urar sauti da ta bayyana sam, direban sauti ne ya ɓace, wato 'yar manhajar da ke haɗa Windows da na'urar sautin kwamfutar, abin da yakan faru bayan an sake zuba Windows, kuma maganinsa shi ne a sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ta hanyar amfani da lambar samfurinta. Da hunturu kuma a tuna da ƙura, domin takan cika ramin iyafis har sauti ya riƙa fita ta kunne ɗaya, ko kwamfutar ta ɗauka an sa iyafis alhali ba a sa ba. A kashe kwamfutar a share ramin a hankali da busasshen tsinke na itace, ban da allura ko wani ƙarfe.

Zaɓen manhaja da ƙarin da take buƙata

VLC, wadda kusan kowa yake da ita, tana iya kunna NSF da SPC da GBS da VGM, saboda tana ɗauke da wani ɓangare mai suna Game Music Emu. Amma ba ta san dangin PSF ba, kuma saitinta na wannan fanni kaɗan ne. Wanda yake son ya yi nisa a harkar zai fi jin daɗin foobar2000, manhajar kyauta da Peter Pawłowski ya fara fitarwa a 2002. Ita a karan kanta ba ta san kiɗan wasanni ba, sai an ƙara mata wasu ƙananan ɓangarori, kowane dangi da nasa: ɗaya na tsofaffin na'urori irin su NES da Super Nintendo, ɗaya na PSF, ɗaya na USF, haka har zuwa vgmstream, wanda yake karanta ɗaruruwan sigogin wasannin zamani. Ana girka su ne ta File, sai Preferences, sai Components, sai Install, kuma ba su fara aiki sai manhajar ta rufe ta sake buɗewa.

A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. Tun daga siga ta 2.0 da ta fito a 2023, foobar2000 tana zuwa iri biyu, mai bit 32 da mai bit 64, kuma ɓangaren da aka gina wa ɗaya ba ya aiki a ɗayar. Mutum zai sauke mai bit 64 saboda yana ganin babbar lamba ta fi, sannan ya ɗauko tsohon ɓangare da aka rubuta shekaru goma da suka wuce, manhajar ta ƙi karɓarsa, ya rasa dalili. A duba Help, sai About, a ga irin wadda ake da ita. Idan ɓangaren da ake buƙata ba shi da sabuwar siga, babu aibi a girka foobar2000 mai bit 32 a kan Windows mai bit 64, domin tana aiki lafiya kuma kunne ba zai ji wani bambanci ba. Idan kuma saƙo ya fito cewa an rasa VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll, abin da ake nema shi ne Visual C++ Redistributable daga shafin Microsoft. Kada a je shafukan da ke raba fayilolin dll ɗai-ɗai, domin ta nan cuta takan shiga kwamfuta.

Duk lokacin da fayil ya ƙi yi a foobar2000, a buɗe View a zaɓi Console. Nan ne manhajar take rubuta dalilinta, ko ba ta san sigar ba, ko fayil ɗin ya lalace, ko tana neman wani fayil ba ta same shi ba. Layi ɗaya a wannan taga ya fi awa guda ana lalube.

Fayilolin da ba su tafiya su kaɗai

Wannan ita ce matsalar ƙanena, kuma ita ce na fi gani. A dangin PSF, kaɗe-kaɗen wasa guda sukan yi tarayya a kan kayan kiɗa iri ɗaya da injin kunnawa iri ɗaya. Maimakon a maimaita waɗannan a cikin kowane fayil, sai aka tara su a babban fayil guda mai ƙarewa da psflib, aka bar kowane kiɗa a matsayin ɗan ƙaramin fayil mai ƙarewa da minipsf, wanda wani lokaci bai kai kilobayit ɗaya ba. Ƙaramin yana ɗauke da sunan babban a rubuce a cikinsa, kuma da zarar an kunna shi sai ya neme shi a cikin foldar da suke tare. Haka tsarin yake ga miniusf da usflib, minigsf da gsflib, mini2sf da 2sflib.

Hanyoyi uku ne mutane suke raba ɗan da uwarsa ba su sani ba. Ta farko ita ce kunna kiɗan kai tsaye daga cikin matsattsiyar jaka ta zip ko rar ko 7z, domin idan aka yi haka ana ciro fayil ɗin da aka danna ne kaɗai a ajiye shi a wani wuri na wucin gadi, inda babu babban. Sai an warware jakar gaba ɗaya cikin folda guda, da 7-Zip ko makamanciyarta, kafin a kunna komai. Ta biyu ita ce zaɓen waɗanda ake so a tura wa aboki ta Xender ko filashi, a bar babban fayil ɗin saboda an danna shi bai yi kiɗa ba an ɗauka shara ce. Ta uku ita ce sauya masa suna don folda ta yi kyau. Ana iya sauya sunan ƙananan yadda aka ga dama, amma na babban ba a taɓa shi, ko da harafi ɗaya ne, kuma mai amfani da Linux maimakon Windows ya lura cewa a can babban baƙi da ƙaramin baƙi ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma RSN, wanda yakan rikita mutane alhali jakar rar ce kawai cike da fayilolin SPC, kuma 7-Zip tana buɗe ta.

Sai fayil ɗin da bai gama sauka ba. Inda sabis yake yankewa ko data ta ƙare ana tsakiyar saukewa, abu ne da ake gani kullum. Idan sunan ya ƙare da crdownload ko part, saukar ba ta kammala ba, kuma goge wannan wutsiyar ba zai cika abin da ya rage ba. Ga SPC akwai ma'auni mai sauƙi: kwafin abin da ke cikin ƙwaƙwalwar sauti ne mai kilobayit 64 tare da ɗan bayani a kai, don haka Windows takan nuna girmansa kusan kilobayit 65. Wanda ya gaza haka guntu ne, sai a sake saukewa. Ga matsattsiyar jaka kuwa, 7-Zip tana da umarnin Test da zai faɗi ko lafiyarta lau.

Kiɗa yana yi, amma ba yadda aka san shi ba

Mai sauraro yakan ce fayil ya lalace saboda kiɗan ya ƙi ƙarewa, ko kuma ya yanke ana tsakiyar daɗi. A cikin wasa an tsara kiɗan ne ya yi ta zagayawa muddin ɗan wasa yana wurin, saboda haka ba shi da ƙarshe na asali. Fayilolin SPC da PSF suna da wurin da ake rubuta tsawon kiɗa da daƙiƙoƙin da zai ɗauka yana dusashewa, amma NSF da GBS na asali ba su da shi, sai manhaja ta yanka musu tsawon da ta ga dama. Shi ya sa ake haɗo su da ƙaramin fayil na m3u mai ɗauke da sunaye da tsawon kowane kiɗa. A tuna kuma cewa NSF guda yana ƙunshe da kaɗe-kaɗen wasan duka, har da ƙarar tsalle da ta ɗaukar tsaba. Wanda ya ji kiɗa ɗaya tak a VLC ya duba Playback, sai Title, zai ga sauran a jere. Ga vgmstream, bisa al'ada yana zagaya kiɗa sau biyu sannan ya dusashe cikin daƙiƙa 10, kuma ana iya sauya wannan a saitinsa.

Wani ƙorafin ya fi ban sha'awa, domin ya shafi mu da muka yi wasannin nan a Nijeriya. Mutum zai kunna kiɗan Sonic na 1991 ya rantse cewa yana gudu fiye da yadda ya san shi. Yana iya yiwuwa gaskiyarsa ce. Talabijin na Japan da Amurka suna bin tsarin NTSC mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, na Turai da namu kuwa suna bin PAL mai sau 50, kuma tsofaffin wasanni da dama sun ɗaure saurin kiɗansu da wannan bugun. Na'urar PAL takan rage saurin da kusan kashi ɗaya cikin shida. Fayilolin da ke yawo a intanet galibi daga sigar Japan ko Amurka aka ciro su, wato saurin da mai tsara kiɗan ya nufa ke nan, mu ne muka tashi da mai nawa. Wasu ɓangarorin NSF da VGM suna da wurin zaɓar 50 ko 60, kuma ni dai nakan mayar da wasu zuwa 50, don shi ne wanda kunnena ya yarda da shi.

Idan kuma wasu kayan kiɗan ne suka ɓace, ana jin ganga amma babu sarewar da aka sani, mai yiwuwa wasan ya yi amfani da ƙarin ƙwaƙwalwa a cikin kaset ɗinsa. Famicom tana da hanyoyin sauti biyar ne, amma wasu kaset na Japan sun ƙara nasu, kamar VRC6 ta kamfanin Konami da ke cikin sigar Japan ta Castlevania III. Tsohuwar manhajar da ba ta san wannan ƙari ba za ta buga biyar ɗin ta yi shiru a kan sauran, kuma maganin shi ne sabunta ɓangaren. Fayilolin MIDI na tsofaffin wasannin kwamfuta su ma haka suke, domin ba su da kayan kiɗa nasu. Windows tana buga su da Microsoft GS Wavetable Synth, wasu manhajojin kuwa ba za su yi ko ƙis ba sai an nuna musu fayil ɗin kayan kiɗa mai ƙarewa da sf2.

Kakarewa, ƙaiƙayin sauti da ƙugi

Kwaikwayon Nintendo 64 ko Nintendo DS aiki ne mai nauyi idan aka kwatanta da kunna MP3, kuma kwamfutocin hannu da yawancinmu muke saye sun kwana biyu. Alamar da ke tona asirin wannan matsala ita ce kiɗa ya yi lafiya lokacin da akwai wuta, amma da an ɗauke ta ya soma kakarewa, domin Windows takan rage ƙarfin kwamfuta idan ta koma kan batir. A sauya tsarin wutar daga na tsimin batir, a danna Ctrl da Shift da Esc a ga abin da ke cinye ƙarfin, wanda sau da yawa burauza ce mai shafuka ashirin a buɗe. Sannan a foobar2000 a shiga Preferences, sai Playback, sai Output, a ƙara "Buffer length" daga 1000 zuwa 2000 ko 3000, wato a ba manhajar damar tanadar sautin daƙiƙa biyu ko uku kafin ta sake shi.

Idan kakarewar ko ƙaiƙayin sautin, wato 'yar ƙarar da ke kutsawa cikin kiɗan, bai daina ba, a koma mmsys.cpl, a buɗe Properties na sifikar, a kashe duk wasu kayan ƙawata sauti, sannan a shafin Advanced a gwada sauya tsakanin 44100 da 48000, wato yawan gutsattsarin sautin da ake fitarwa a kowace daƙiƙa. Super Nintendo tana fitar da sautinta a 32000 ne, don haka dole a juya shi kafin ya kai sifika, kuma wasu direbobin sun fi jituwa da ɗaya daga cikin lambobin biyu. A shafin Advanced ɗin ne kuma ake cire alamar da ke bai wa manhaja ɗaya damar riƙe na'urar sauti ita kaɗai, wadda ita ce takan jawo saƙon cewa wata manhaja tana amfani da na'urar. Mai iyafis na Bluetooth da ya ji sauti ya koma siriri kamar na kiran waya, ya duba ko wata manhaja ta buɗe makirufonsa, domin hakan yana mayar da shi tsarin kira, ya rufe ta ya zaɓi Stereo.

Ƙugin da ke fita a sifika ba tare da la'akari da abin da ake kunnawa ba, musamman idan an tayar da janareto, ba shi da alaƙa da fayil ko manhaja. A zare caja a saurara, in ya ɗauke to daga wuta yake shigowa. A haɗa sifika da kwamfuta a soket guda, a yi amfani da caja ta asali mai baki uku, ko a sayi ɗan ƙaramin katin sauti na USB, wanda yakan rage shi. Kada a karya bakin caja na uku don neman shiru, domin shi ne yake kare mutum daga jan wuta.

Wanda ya shawo kan duk wannan kuma yana son ya riƙa ji a waya ko a mota, zai iya juya kaɗe-kaɗen zuwa MP3 ko FLAC ta hanyar zaɓar su a foobar2000, ya danna dama, ya zaɓi Convert, bayan ya girka Free Encoder Pack daga shafin manhajar. Sai dai ya daidaita tsawon kowane kiɗa da yawan zagayensa kafin ya fara, ya kuma tabbatar ya kashe saitin zagayawa ba iyaka. Ya kuma ajiye fayilolin asali a foldarsu, domin kiɗan da yake kilobayit 65 a SPC zai koma megabayit uku ko huɗu a MP3, kuma ba a iya mayar da shi yadda yake.